Durowar Ƙasa ta Zumana Jara

"…da gajiya? Da mutanen gida? Gwiwar fa, ta bar ka ka yi barci?"

"Gwiwa lafiyarta ƙalau, Tarawele. Ke ce abin tambaya. Tun daga bakin titi nake jin ƙamshin abin da kika karya da shi."

"Na jikinka ne ya riga ka isowa, Jara. Shigo, bawana. Amma tsaya ta wajen taga, akwai mai jego a maƙwabta."

Safiyar Asabar ce a Sikaso, tsakiyar kakar mangwaro. Zumana Jara ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shagon Korotumu Tarawele, mai sayar da kayan rubutu a layin bayan babbar kasuwa, ya shiga yana share gumi da hularsa. Tsakanin Jara da Tarawele ba a gaisuwa sai da zagi. Haka suka tarar da kakanninsu: kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, kowanne na rantsuwa ɗayan ne maci wake, wanda kuwa ya yi fushi shi ya faɗi. Zumana da Korotumu sun daɗe suna wannan wasa, tun tana sayar da alli a kan tebur, shi kuma yana da gashi a ka.

Sai dai yau ba wasa ya kawo shi ba.

Zumana shi ne mai kula da takardu a ofishin wata ƙungiyar manoman mangwaro. Tsarin aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Takardun kowane ƙauye yakan tara su a ƙasa, ya ɗaure da baƙar robar da yake yankowa daga tsohuwar robar cikin taya, ya ɗora dutse a kai saboda fanka. Jan dutse na mutanen Finkolo ne, fari na Kaboyila, wani mai kama da kan akuya kuma na waɗanda suka rasu ba a raba gonarsu ba. Ya yi shekara ashirin da wani abu a haka, ba takardar da ta taɓa ɓata, ko da yake akwai waɗanda gara ta riga shi karantawa.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, Madam Sangare. Ta sayo kabad ɗin ƙarfe mai durowa huɗu, ta ce a kwashe duwatsu, a zuba takardu cikin fayil mai ƙugiya a rataye. Zumana ya yi oda ta waya daga Bamako, kwali guda ya zo. Da ya jera su, ƙugiyoyin ba su kama ƙarfen gefe ba. Ya tura durowa, ya jawo, ya tarar da su duka kwance a ƙasa.

Madam Sangare ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ce masa ranar Litinin masu sayen mangwaronsu daga waje za su turo mutanensu su duba takardun manoma. In sun tarar da takardu a rataye, shi ke nan. In sun tarar da duwatsu, Zumana zai koma rumfar awo ya riƙa ɗora kwanduna a sikeli, ita kuma ta ba wani makullin kabad.

"Fayil nake so," in ji Zumana. "Mai ƙugiya, wanda ake ratayewa."

"Kai ne za a rataye, ai na ji labari. An ce na Bamako sun kwanta maka kamar kaji a tsakar rana."

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya ɗauko kwalin daga tasha Tarawele ne. Wanda ya share ofishin bayan ka gama zage-zage Tarawele ne. Garin nan namu ne, Jara, ku haya kuke yi."

"Haya? Kakana ne ya sayi kakanki da rabin kwanon wake, kuma har ya koma ga Allah yana cewa an cuce shi."

"Ƙarya kake. Kakanka ya riƙe rabin kwanon wake a hannu, ya miƙa wa wani? Ai da kwanon ma zai haɗa ya haɗiye. Zauna a kan bencin nan, kada ka taɓa komai."

Ta taka kujera, ta sauko da kwalaye, ta hure ƙurar da ke kansu zuwa wajensa, sannan ta baje fayiloli a kan tebur.

"Ga su. Wannan da ake rubuta suna a gefensa na kabad mai ƙofa ne, ina jin irinsa ka sayo. Wannan da ake rubuta suna a samansa shi ne na durowa, ka jawo ka leƙa. Na durowar ma iri biyu ne, gajere da dogo, bambancinsu bai wuce yatsa uku ba. In ka kuskure, gajere ya faɗa ciki, dogo ya hana durowa rufuwa. Taka wace iri ce?"

Zumana ya gyara zama. Nan daman yake jira.

"Wannan karon na auno."

Ya sa hannu a aljihu, ya zaro wata baƙar roba mai ƙulli biyu, ya ajiye a kan tebur kamar wanda ya kawo hujja gaban alƙali.

"Daga ƙullin nan zuwa wancan, faɗin durowa ke nan."

Korotumu ta dubi robar, ta dube shi. Ta ɗauki robar. Ta shimfiɗa ta a kan gajeren fayil. Ƙulli ya hau kan ƙugiya, wancan ma ya hau kan ƙugiya.

"Kin gani? Gajere ne," in ji Zumana.

Ta danne ƙulli ɗaya da babban yatsa, ta ɗan ja ɗayan, ta ɗora a kan dogon fayil. Nan ma daidai.

"Na gani. Dogo ne." Ta ƙara ja. "In kana so in auna maka ƙofar shagon nan, ita ma daidai ce. Riƙe mini nan, mu gwada hanyar Bamako."

Zumana ya ƙura wa robar ido.

"Da ka auna," ta ce, "ka ja, ko ba ka ja ba?"

"Na ɗan ja. Don ta miƙe."

"Ja irin na mai yunwa, ko irin na wanda ya ƙoshi?"

"Ja dai irin na mutum mai hankali."

"To ba kai ka ja ba ke nan. Wa ka sa?"

Ya cire hula, ya ɗora a gwiwa. "Korotumu, na doshi sittin. Na yi karatu har Bamako. Ina buga keken rubutu idona a rufe. Ga shi na zo awo da abin da shi kansa bai san tsawonsa ba. Jiya har na nuna wa matata, na ce mata ta ga yadda masu ilimi ke aiki."

"Me ta ce?"

"Ta ce in na gama in dawo mata da ita, tana da itacen ɗaurewa."

"Baiwar Allah. Me ta yi wa iyayenta suka ba Jara ita?"

"To ke da kike sayarwa, wanne aka fi saye? Kabad ne na ƙarfe, ruwan toka, mai durowa huɗu."

"Duk kabad ɗin ƙarfen duniya ruwan toka ne mai durowa huɗu. Kamar ka ce mini ɗanka ya ɓata, alamarsa yana da kai ɗaya."

"Ai sana'arki ce, baiwata."

Korotumu ta leƙa ƙofa, ta ga ba mai shigowa. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta jawo wata ƙatuwar samira mai murfi, ta kayan aurenta, fentin furannin duk ya koɗe. Ta buɗe. Cike take da rasit da takardun haraji, an danna su kamar ana jiƙa wanki.

"Ga ofishina. Na bana a sama, na bara a ƙasa. Na shekarar da rufi ya yi yoyo sun manne sun zama takarda ɗaya, su ba sa ba ni wahala. Tun kafin ɗana na fari ya yi aure nake sayar da fayil mai ƙugiya, ban taɓa ganin ɗaya a rataye ba. In mutum ya tambaya, sai in ɗaga murya in ce wannan ya fi ƙwari, shi kuma ya saya."

"Ashe mu biyu ne."

"Mu biyu ne. Bambancin kawai, ni ba a kai ni rumfar awo ranar Litinin."

Ta mayar da samirarta, ta tura ta can ciki da ƙafa.

"Bari mu fara da abin da kanmu zai ɗauka. Gindi: tsukakke kake so ko mai faɗi?"

"Na wa?"

"Na fayil, tsohon banza. Tsukakke na takarda kaɗan ne, mai faɗi na mai yawa."

Zumana ya yi tunani. Yawancin manoman takardunsu ba su da yawa: ta shaida, ta taswirar gona, ta feshin magani. Amma akwai tsoho Berete, wanda yake rigimar iyaka da ƙanensa a kan bishiyar mangwaro ɗaya tun tana dashe. Yanzu bishiyar ta fi ofishin tsawo, takardunta kuma sun kai kaurin matashin kai.

"Tsukakke ga kowa, mai faɗi kaɗan. Shi Berete sai dai in kina da buhu mai ƙugiya."

"Akwai kuma mai ɗaki-ɗaki a ciki. Ka raba: takardar gona nan, ta feshi nan, ta awo nan."

"Ki daina ambaton awo."

"Launi fa?"

"Ja na Finkolo. Fari na Kaboyila."

"Babu fari, sai ruwan ɗorawa."

"Dutsensu fari ne."

"Ba dutsen za ka rataye ba, Jara."

"To mai launin kan akuya fa, na mamata?"

"Ga madubi can bayan ƙofa, duba ka gaya mini launin, in nemo."

Suka ware ja, da ruwan ɗorawa, da kore, da shuɗi na mamata. Komai ya kammala sai abu ɗaya, wanda shi ne komai. Gajere da dogo suna nan kwance gefe da gefe, robar tana tsakaninsu.

"Je ka ɗauko durowar," in ji Korotumu.

"Wace durowa?"

"Ta kabad ɗin. Zaro ta, ɗaura a babur, kawo nan mu gwada da ido."

"Ni? In ratsa kasuwar Sikaso da durowar ofis a bayana? Za a ce an kore ni na gudo da kaya."

"Ranar Litinin ma za a ce an kore ka, kuma ko durowar ba za ka samu ba." Ta zauna a gefen tebur, ta rage murya. "Zumana, ba mai gaya maka wannan sai ni. Manoman nan da kake sa su tsaya a ƙofa su cire takalmi kafin ka ɗaga dutse, su ne za su riƙa ce maka ɗora, sauke, sake ɗorawa. Da gwiwar nan taka. Berete da ƙanensa har shiryawa za su yi don su zo kallo tare."

Zumana ya hango abin kamar a majigi: shi a rumfa, da kwando a kafaɗa, ƙudan mangwaro na bin sanƙonsa. Ya mayar da hula.

"Kada ki sayar wa kowa shuɗin nan."

"Mamata ba sa sauri. Kai dai yi maza."

Ofishin na buɗe saboda kaka, amma Madam Sangare takan kulle da azahar ranar Asabar. Ya tarar da ita a ɗakinta tana waya, ƙofa a saye. Ya shige ɗakin takardu a kan yatsun ƙafa, ya tsallake dutsen Finkolo. Durowa ta sama ta zo rabi ta tsaya. Ta biyu haka, ta uku haka, kowacce da ƙarfen da ke hana ta fita. Ta ƙasa ce kaɗai ta zaro gaba ɗaya, don tun makon farko shi da kansa ya karya nata ƙarfen, ranar da ya taka ta zai gyara agogon bango. Ya rungume ta, ya fita ta ƙofar baya, ya ɗaure a bayan babur da wata robar, wadda ita dai ta samu aikin da ya dace da ita.

Sai da ya shiga tsakiyar kasuwa, taya ta faɗa wani rami, ya ji wani abu ya yi ƙwal a bayansa. Bayan ƙarar kuma sai ƙamshi ya biyo: mai da albasa.

Sai a lokacin ya tuna abin da ya bari a cikin durowar.

Gaskiyar magana ita ce Zumana Jara na cin wake. Ba jiya ya fara ba. A lungun bayan ofis akwai wata mata 'yar Burkina, ba Jara ba, ba Tarawele ba, mai riƙe sirri. Kullum da safe yakan miƙa mata kwano ta kan katanga, ta miƙo shi a cike. Da can a bayan tarin takardun mamata yake ɓoye shi, don ba mai zuwa wajen. Tun da kabad ya zo kuwa sai ya samu wurin da ya fi: can ƙuryar durowar ƙasa, bayan wani faifan ƙarfe da ake turawa gaba ko baya don ya tokare fayiloli. Na yau bai ci ba, tashin hankali ya hana shi. Yana nan, da murfinsa.

Ya duba dama, mai nama ne, Tarawele. Ya duba hagu, mai gyaran agogo ne, Tarawele, ga shi har yana ɗago masa hannu. In ya tsaya a nan ya zaro kwanon wake a idon kasuwa, jikokinsa ma sai an yi musu waƙa. Ya ce bari ya sha kwana ya sami lungu. Yana shan kwana ya hango Korotumu tsaye a ƙofar shago, hannu a ƙugu.

"Ga ɗan dako! Sauke nan, in ba ka na goro!"

Ya kwance durowar, ya rungume ta yadda ƙuryar ta manne da cikinsa, ya shiga da ita da baya-baya.

"Kawo in kama maka."

"Bar shi. Kayan hukuma ne, ba a ba bayi."

Ya ajiye a kan tebur, ƙuryar na wajensa, ya jingina da ita. Yana mayar da numfashi sai wani tunani ya faɗo masa, ya tsaya da baki buɗe.

"Korotumu. Da kin ba ni gajere ɗaya da dogo ɗaya, in sa a rigata in je in gwada a can fa?"

Korotumu ta dafa goshi.

"Wallahi dabarar nan ba ta zo mini ba sai da ka sha kwana. Har na fito zan kira ka. Sai na tuna kai Jara ne, na koma na zauna."

"Mu biyun nan, in aka haɗa kanmu wuri ɗaya, ba zai cika kwalbar tawada ba."

"Naka ne ya rage mana yawa. Miƙo gajeren."

Ta ɗora gajere. Ƙugiya ɗaya ta kama, ɗayar ta tsaya a iska, fayil ya karkace ya sulale ƙasa. Zumana ya runtse ido, don ya san wannan ƙarar. Ta ɗauki dogo, ja, na mutanen Finkolo. Ta saukar a hankali. Ƙugiyoyin biyu suka hau ƙarfen gefe suka zauna. Ta tura shi da yatsa ɗaya, ya tafi sumul, ta jawo shi ya dawo.

Su biyun suka tsaya suna kallo.

"Ashe haka yake yi," in ji Korotumu. "Kai, abin nan da kyau yake! Shekara da shekaru ina sayarwa."

"Sake turawa."

Ta sake. Zumana ya ji rumfar awo ta ja baya, ta yi nisa, har ƙudan sun bar kansa. Ya yi hamdala a fili.

"To shi ke nan, dogo ne. Zuba mini a kwali in tafi."

"Tsaya, mu ga guda nawa take ɗauka, kada ka saya su yi maka yawa."

"Ba sai mun gani ba. Na auna da ido."

"Mun ga awonka." Ta jera ja, ta jera kore, ta kai ga faifan ƙarfen, ta tura shi baya. Ya ƙi tafiya. Ta sake turawa. Wani abu ya yi ƙwal.

"Mene ne a bayan nan?"

"Sirrin ofis."

Ta ɗaga hanci, ta shaƙa.

"Sirrin ofis da albasa?"

"Maganin gara ne. Sabon samfuri."

"Matsa."

"Korotumu, akwai dokar da ta hana…"

"Matsa, bawana."

Ta zura hannu ta bayansa, ta ɗago kwano. Ta ajiye shi a tsakiyar tebur, tsakanin shuɗin mamata da ruwan ɗorawan Kaboyila. Ta ɗaga murfi da yatsa biyu. Wake ne, ya dahu luguf, mai na ƙyalli a kai, albasa yanka-yanka, ga ɗan yaji a gefe.

Korotumu ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu biyu sama.

"Allah na gode maka. Babana ya rasu bai ga wannan rana ba. Kakana ya rasu bai gani ba. Ni, Korotumu, mai sayar da alli, ni ka zaɓa."

"Shaida ce," in ji Zumana. "Ƙwacewa na yi daga hannun wani Tarawele, na ajiye har a yi bincike."

"Da cokali a ciki?"

"Da shi na kama shi."

Ta ɗaga cokalin. Mariƙinsa ya taɓa karyewa, an ɗaure shi tam da baƙar roba, ƙulli biyu. Ta ɗauko robar awon, ta ajiye kusa da shi, ta koma ta harɗe hannu.

Zumana ya dubi cokali, ya dubi roba. Ya zauna a kan benci.

"Duk garin nan ba mai irin ƙullin nan sai ni," ya ce. "Har alfahari nake da shi."

"To ka san doka. Abin da taubashi ya shigo da shi shagona da wake a ciki ya zama nawa, sai an fansa. Durowa ta zauna."

"Korotumu, Madam na kullewa da azahar. In ta leƙa ta ga kabad ɗinta da giɓi…"

"To yi sauri. Ga ƙofa can. Ka tsaya, ka faɗa da bakinka, yadda mai nama zai ji."

Ya auna abin a ransa, wannan karon ba da roba ba. A gefe ɗaya sunan Jara, da ya kare shi da baki tun yana yaro. A ɗaya gefen kujerarsa, da fanka, da makullin kabad. Ya tashi, ya gyara riga, ya tsaya a bakin ƙofa. Tela ya tsayar da keke. Mai gyaran agogo ya cire gilashi daga ido.

"Jama'ar layin nan, ku shaida! Ni, Zumana Jara, ina cin wake!"

"Ƙara murya," in ji Korotumu daga ciki.

"Ina cin wake! Kullum! Da mai da albasa! Ranar Juma'a har ƙari nake karɓa! Duk ranar da kuka ga na kulle ofis na ce ina lissafi, ba lissafi nake ba!"

Layin ya kece da dariya. Mai nama ya riƙa buga wuƙa a kan katako kamar ganga.

"Saura ɗaya," in ji Korotumu.

"Kuma yau, yau kaɗai, daga yanzu zuwa la'asar, ni bawan Korotumu Tarawele ne!"

"Zuwa magariba!"

"Zuwa la'asar. Ina da aikin ratayewa."

Ta fito tana share hawaye da bakin ɗankwali. Ita da kanta ta jera masa dogayen fayilolin cikin durowar, ja da kore da ruwan ɗorawa da shuɗi, ta ɗora sauran a kwali. Sannan ta ɗauko guda ɗaya mai faɗin gindi, wanda ya fi kowanne, ta sa a can ƙurya.

"Wannan kyauta ce. Kwano zai zauna a ciki ba ya ƙara. Kuma gobe bayan azahar ka bar ƙofar baya a buɗe. Zan zo in taya ka kwance duwatsu. Kai kaɗai ba za ka gama kafin Litinin ba, ni kuma ina so in ga yadda ake sa takarda a cikin abin nan da nake sayarwa."

"Ki zo da samirarki, mu rataye ta ita ma."

"Samirata ta fi ƙarfin ƙugiya. Tafi, azahar ta gabato."

Ya ɗaure durowa, ya ɗora kwali a kai, robar ba ta isa ta zagaye duka ba. Sai ya tuna da ta awon, tana kan tebur. Ya koma ciki.

Ba kowa a bayan tebur. Ya leƙa. Korotumu Tarawele na tsugune a ƙasa kusa da samirarta, kwanonsa a kan cinya, cokalinsa a bakinta, kumatu a cike. Rabin waken ya tafi.

Suka kalli juna. Ta tauna, ta haɗiye, ba ta yi gaggawa ba.

"Shaida nake ɓatar maka."

Zumana ya waiga ƙofa, inda mai nama ke ta buga katako har yanzu. Murya ɗaya zai ɗaga, layin gaba ɗaya ya dawo hannun Jara. Ya tura ƙofar da ƙafa ta rufe, ya tattare riga, ya tsuguna a gabanta, gwiwar na ƙara.

"Matsa, uwar gijiyata. Ki bar mini na ƙasan, can man yake taruwa."